Ina zan kai yarana su yi wasa a Accra?

"Assalamu alaikum Malama. Ni mazauniyar Maamobi ce, ina da yara uku: namiji ɗan shekara 11, mace 'yar shekara 7, sai autansu ɗan shekara 3. A gidan haya muke, tsakar gidan ba ta wuce wurin girki da shanya ba, ƙofar gida kuma babura ne da babbar gota. Idan aka yi hutu sai su wuni a kan waya da talabijin, ko su yi ta faɗa da juna. Don Allah waɗanne wuraren wasa ne masu kyau a nan Accra da zan iya kai su, waɗanda ba za su cinye mini kuɗin cefane ba, kuma hankalina zai kwanta?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwata. Allah ya raya miki su, ya shirya su, ya sa ki ci moriyarsu. Idan na fahimce ki da kyau, abu uku kike nema a haɗe: wurin da yara za su sake su yi gudu da tsalle, wanda kuɗinsa bai fi ƙarfin aljihu ba, kuma wanda ba za a tafi da dariya a dawo da kuka ba. Akwai na huɗu da ba ki ambata ba, amma yana nan cikin shekarun da kika lissafa, wato tazarar da ke tsakanin yaran. Abin da zai burge ɗan shekara 11 yana iya zama haɗari ga ɗan shekara 3, abin da kuma zai ɗauke hankalin autan har awa biyu, babban zai gaji da shi kafin ki gama shimfiɗa tabarma. Don haka duk wurin da na ambata zan faɗa miki wanda ya fi dacewa da shi a cikinsu. Ni malamar ƙananan yara ce, na daɗe ina koyarwa a wannan yanki namu, kuma shekara da shekaru ni ake ɗora wa nauyin fita da ɗalibai yawon ƙarshen zangon karatu. Abin da zan faɗa miki daga wannan aiki na samo shi.

Matsalar da kika bayyana ba ta gidanki kaɗai ba ce. Nima da Maamobi da Sabon Zango da Fadama sun cika da gidajen haya masu ɗakuna a jere, an gine kusan kowane taƙi na ƙasa, kuma tun farko ba a ware wa yara fili ba. 'Yan filayen da suka rage, ko dai samari sun riƙe su da ƙwallo, ko sun zama tashar mota, ko kuma ranar Asabar da Lahadi a kafa rumfuna a yi biki ko addu'ar mamaci. Ƙaramin yaro ba shi da rabo a irin wannan fili, balle 'ya mace. Abin yana damuna ƙwarai, domin Ghana ce ƙasa ta farko a duniya da ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1990, kuma sashe na 31 na yarjejeniyar ya sanya hutu da wasa cikin haƙƙoƙin yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 kowace rana na motsa jiki mai ɗaga numfashi, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuwa minti 180 na motsi iri-iri a tsawon yini, kuma kada zamansa gaban waya ko talabijin ya wuce awa ɗaya. Yawancin faɗan da kike raba su a kai, ƙarfi ne da ya taru a jikinsu ya rasa hanyar fita.

Lambuna masu itatuwa

A nawa ganin, wuraren da suka fi amfani ga iyali irin naki a Accra su ne lambuna masu manyan itatuwa, sun fi wuraren da aka cika da na'urori. Dalilina shi ne sau ɗaya ake biyan kuɗin shiga a wuni, akwai inuwa, ƙasan ciyawa ce ko turɓaya, kuma yara masu shekaru daban-daban kowa yana samun abin yi ba tare da an raba su ba.

Na farko shi ne lambun tsirrai na Jami'ar Ghana da ke Legon, mai faɗin hekta kusan 50, wanda ake shigarsa ta hanyar Haatso zuwa Atomic, wajen mahaɗar Agbogba. An san shi da filin wasan yara mai lilo da wurin zamiya, da tafki da ake shiga kwale-kwale, da gadar igiya da ake tafiya a kanta a sama, da kuma wasan hawan igiyoyi wanda ake ɗaura wa mutum ɗamarar tsaro kafin ya fara. Irin waɗannan wasanni kowanne da kuɗinsa daban bayan na ƙofa, kuma ba kullum dukansu suke aiki ba, saboda haka ki tambaya ko wurin a buɗe yake da abin da ke aiki kafin ki tashi daga gida, kada ki yi wa yaro alkawarin abin da za ku tarar a rufe. Hawan igiya na babban ɗanki ne. 'Yar shekara 7 kuwa, idan ta kai tsayin da ake bukata kuma ita da kanta ta nuna tana so, a bar ta. Idan ta tsaya tana ja da baya kada a tsokane ta ko a tura ta, domin yaron da ya hau don gudun dariyar 'yan'uwansa shi ne yake sandarewa a tsakiyar hanya. Autan kuma hannunsa ya kasance cikin naki duk lokacin da kuka kusanci tafkin, kuma babu wanda zai shiga kwale-kwale sai da rigar da ke hana nutsewa, ko da matuƙin ya ce ruwan ba zurfi.

Wurin da na fi ƙauna, wanda na fi yawan kai ɗalibaina, shi ne lambun Aburi. An buɗe shi tun 1890, yana kan tsaunukan Akuapem, kimanin kilomita 30 arewa da Accra. Ana samun motar Aburi a tashar Madina, a bi ta Adenta da Ayi Mensah sannan a fara hawa, a wuce gidan hutun shugaban ƙasa na Peduase. Ita kanta hanyar rabin yawon ce, domin daga sama yara suna hango birnin a shimfiɗe a ƙasa, kuma yaron da ya tashi cikin lungunan zango bai taɓa ganin garinsu daga irin wannan nisa ba. Da an sauka za a ji iskar ta bambanta da ta Accra, akwai sanyi-sanyi ko da rana ta take. Daga ƙofa jerin dogayen itatuwa dangin kwakwa ne hagu da dama, a ciki kuma akwai wani ƙaton rimi da ya daɗe a wurin, da itatuwan kayan ƙamshi irin su kirfa, da wani busasshen icce da aka sassaƙa siffofin mutane a jikinsa daga ƙasa har sama, da tsohon jirgi mai saukar ungulu da aka ajiye wanda yara ba sa gajiya da leƙa shi. Jirgin tsohon ƙarfe ne, a kula da gefunansa da kuma hawa samansa. Ba kayan wasa ne suka yi yawa a Aburi ba, fili ne da ciyawa da saiwoyi, amma ban taɓa kai yara can suka ce mini sun rasa abin yi ba. Na ga yaran da a aji ba sa iya zaman minti biyar sun durƙusa sun fi rabin awa suna bin jerin tururuwa. Idan lokaci ya ba ku dama, garin Mampong yana gaba kaɗan, inda gonar koko ta Tetteh Quarshie take, wadda aka fara a 1879, shi ne mutumin da ake dangantawa da kawo noman koko Ghana. Babban ɗanki ya riga ya ji sunan a makaranta, kuma gani ya kori ji. Abu ɗaya da zan gargaɗe ki a kai shi ne lanƙwasar hanyar tana sa wasu yara amai, don haka a karya da abu marar nauyi, a riƙe leda da kayan canji.

Akwai kuma Mmofra Place a Dzorwulu, wanda bai da nisa da Maamobi. Kalmar mmofra a harshen Akan yara take nufi, kuma gidauniyar da ke kula da wurin ta samo asali ne daga aikin marigayiya Efua Sutherland, marubuciya 'yar Ghana. Ƙaramin lambu ne da aka tsara shi musamman don yara, da kayan wasa na katako da abubuwan da ake samu a gida, ana kuma shirya karatun labarai da zane-zane. Ya fi dacewa da 'yarki da autan. A nemi sanin ranakun da suke karɓar baƙi kafin a je.

Gidan namun daji na Accra yana cikin dajin Achimota, wanda aka killace tun 1930. Da can yana kusa da Flagstaff House ne, aka tashe shi a 2006 lokacin da za a gina fadar shugaban ƙasa. Ba babba ba ne, awa biyu sun isa a zaga shi, amma ganin zaki da jimina da birai ido da ido abu ne da yaro ba ya mantawa. A sa wa yara takalmi rufaffe saboda cinnaku, kuma a ja musu kunne tun daga gida cewa ba a zura hannu a keji, ba a jingina da shinge. A 2022 wani mutum ya tsallaka shingen zakunan wurin ya rasa ransa, kuma nakan ba manyan ɗalibaina wannan labari kafin mu sauka daga mota. Za ku kuma ji muryoyin masu addu'a na coci-coci daga cikin dajin, sun saba taruwa a can, kada abin ya ba yaran tsoro.

Tsakiyar birni

Duk wanda ya tashi a Accra, idan aka ce filin wasan yara, wanda zai fara zuwa masa a rai shi ne na Efua Sutherland da ke Ridge, daura da babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa. An fara shi a 1979, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa yara, daga baya aka sa masa sunan wannan marubuciya da ta shugabanci hukumar kula da yara ta ƙasa, ta rasu a 1996. Fili ne na sama da eka 14 a tsakiyar birni, da itatuwa masu inuwa. Jaridu sun daɗe suna rubutu a kan yadda kayan wasansa suka tsufa suka daina aiki, an kuma sha yin alkawarin gyara shi. Shawarata ita ce ki ɗauke shi a matsayin wurin taro: a lokutan hutu da bukukuwa ana shirya wasannin yara a can, a kawo gidajen roba da ake hura wa iska da masu zanen fuska, to irin wannan rana ce ta zuwa. Idan za ku je ranar da babu taro, ki fara zuwa ke kaɗai ki duba, zuwa da kai ya fi aike.

Wurin tunawa da Kwame Nkrumah da ke kusa da bakin teku ba filin wasa ba ne, amma tun da aka gyara shi aka sake buɗewa a Yulin 2023 ya zama wurin da iyalai suke zuwa. A nan ne ya yi shelar 'yancin kai a 6 ga Maris 1957, nan kabarinsa yake tare da na matarsa Fathia, akwai gidan tarihi, da maɓuɓɓugan ruwa, da mutum-mutuminsa da aka sare wa kai lokacin juyin mulkin 1966. Wannan yawo ne na ɗan shekara 11 da ƙanwarsa. Autan zai so ruwan da fili, amma wuri ne da ake son natsuwa, kuma inuwarsa ba ta kai ta Aburi ba, don haka da safe ko bayan la'asar ya fi.

Manyan shaguna da bakin teku

A manyan cibiyoyin sayayya irin su Accra Mall da West Hills Mall da na Achimota da A&C a East Legon, akan sami sashen wasan yara, da ƙananan motoci masu lantarki, da ramin ƙwallayen roba, da shimfiɗar tsalle. Amfaninsu a bayyane yake lokacin damina, musamman watan Yuni da ruwa ke hana fita, kuma akwai banɗaki da masu gadi. Sai dai da minti ake lissafin kuɗinsu ko da kowane hawa, kuma da yara uku kuɗin da zai kai ku Aburi ku dawo yana iya ƙarewa cikin awa ɗaya, ga kuma kayan kwaɗayi ta kowace kusurwa. Idan za ki je, ki yanke adadin tun a gida ki faɗa wa yaran, kowa ya san wasa nawa zai yi. Shimfiɗar tsalle kuwa likitocin yara ba sa son a sa wanda bai kai shekara 6 ba a kanta, kuma mafi yawan rauni yana faruwa ne idan babba da ƙarami suna tsalle tare, domin nauyin babban ne yake cilla ƙaramin. Kada autan ya hau, ko ya yi kuka.

Teku kuma ina da tsauri a kanta. Yashi abin wasa ne da babu kamarsa, ɗan shekara 3 zai wuni yana haƙa rami da murfin roba, kuma a Labadi akwai dawakin da ake hawa. Amma tekunmu tana da igiyar ruwa mai ja ta ƙasa zuwa ciki, wadda takan rinjayi babban mutum da ya iya iyo. Dokata ga ɗalibai ita ce ruwa ba ya wuce idon sawu ga ƙanana, ba ya wuce gwiwa ga manya, kuma babba yana tsaye tsakaninsu da teku. Ban da wannan, yammacin Lahadi da ranakun hutu wurin yana cika da kiɗa mai ƙarfi da shaye-shaye da shigar da ba za ki so yaranki su saba gani ba. Mai son kai yara teku ya yi sammako, ya bar wurin kafin azahar.

Abin da nake dubawa kafin in saki yaro

Wannan sashe ya fi sunayen wurare muhimmanci, domin wuri yana iya yin kyau bana ya lalace baɗi, amma idon da ya san abin dubawa yana tare da ke ko'ina. Abu na farko da nake kallo shi ne ƙasa. Mafi yawan raunin da yara ke ji a filin wasa daga faɗuwa ne, kuma abin da ke ƙarƙashin lilo ko matakala shi ne yake raba tsakanin ƙujewa da karaya. Siminti da tayil da busasshiyar ƙasa mai tauri ba su dace ba. Abin da ake so shi ne yashi ko ɓarzajjen katako mai kaurin kusan santimita 30, ko shimfiɗar roba mai kauri, kuma ta zarce kayan wasan da kusan mita 2 ta kowane gefe. Idan na ga dogon abin hawa an kafa shi a kan kankare, komai kyan fentinsa ba na barin yara su hau.

Bayan ƙasa sai in sa hannuna a kan ƙarfe. Ranar Accra, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu, tana gasa wurin zamiya na ƙarfe har ya ƙona cinyar yaro, kuma ƙaramin yaro ba ya saurin janye jikinsa kamar babba. Idan tafin hannunki bai jure ba, fatarsa ba za ta jure ba. Daga nan in girgiza abin in ji ko yana motsi daga tushe, in duba sarƙar lilo ko tsatsa ta cinye ta, musamman a wuraren da ke kusa da teku inda iskar gishiri ke cin ƙarfe da sauri, in kuma shafa gefuna ko akwai ƙusa ko noti da ya fito. Tazarar da ke tsakanin sandunan shinge ita ma abin dubawa ce: ramin da faɗinsa ya kama daga santimita 9 zuwa 23 yana barin jikin ƙaramin yaro ya wuce kansa ya maƙale.

Akwai abin da ya shafi 'ya'yanmu mata musamman, kuma da idona na gan shi. Wata shekara mun kai yara wani wurin wasa, wata yarinya 'yar shekara 6 ta zauna a saman wurin zamiya ta saki jiki, ashe gefen hijabinta ya sarƙe a wani noti. Ta zame, hijabin ya riƙe ta ta wuya. Allah ya sa abokiyar aikina tana tsaye a gindin abin, ta tallafe ta ta ɗaga sama har aka ɓalle shi. Abin bai ɗauki daƙiƙa goma ba, kuma yarinyar ba ta iya ko ihu ba. Tun daga ranar, duk yarinyar da za ta fita da ni sai da ƙaramin hijabi wanda ake cusa gefensa cikin riga, babu allura ko fil, da wando a ƙarƙashin doguwar riga. Wannan bai taɓa sutura da komai ba, yarinya tana nan a rufe, kuma ta tsira daga abin da zai shaƙe ta. Haka nan rigar yara maza mai igiya a wuya, da jakar ratayawa, da carbi ko sarƙa, duk a cire kafin a hau.

Kuskure biyu kuma iyaye ne suke yin su da kyakkyawar niyya. Na farko shi ne ɗora ƙaramin yaro a cinya a zame tare da shi. Idan takalminsa ya kama gefen abin, nauyin babban yana ci gaba da tafiya, ƙashin ƙwaurin yaron ya murɗe ya karye. Gara ya zame shi kaɗai a kan gajere, ke kina tsaye a gefe. Na biyu shi ne fizgar yaro ko ɗaga shi da hannu ɗaya, ko mutum biyu su riƙe hannuwansa suna lilo da shi. A ƙasa da shekara 5 gwiwar hannu tana saurin gocewa. Ki faɗa wa babban ɗanki wannan, domin yayye ma suna yi. Kada kuma ki mayar da shi mai reno a ranar. Yaro ɗan shekara 11 yana da nasa wasan a rai, hankalinsa zai tafi, kuma idan wani abu ya faru zai ɗauki laifin da ba nasa ba har girmansa.

Ɓacewar yaro a cikin taro ita ma tana da rigakafi mai sauƙi. Kafin mu fita nakan ɗauki hoton kowane yaro da kayan da ke jikinsa a ranar, in rubuta lambar waya a takarda in sa masa a aljihu, ƙananan kuma a rubuta musu a damtse. Da mun shiga wuri sai in nuna musu abu guda da ake hangowa daga nesa, in ce wanda ya rasa mu ya je can ya tsaya kada ya motsa. Lambar neman agajin gaggawa a Ghana ita ce 112, ki koya wa manyan biyu.

Lokaci da kuɗi da guzuri

Ranakun da kowa yake fita su ne mafi munin ranakun fita da ƙananan yara: washegarin Sallah da ranar da ke biye, 26 ga Disamba, Litinin ɗin Ista, da 6 ga Maris. Layi yana tsawo, kayan wasa suna ɗaukar fiye da ƙarfinsu, masu kula da su sun gaji, motar dawowa kuma ta zama wahala. Na san yara suna ɗokin yawon Sallah da sababbin kaya, to a yi ziyarar dangi a ranakun, a ɗaga zuwa lambu zuwa mako mai zuwa. A lokacin dogon hutu, ranar Talata ko Laraba da safe za ki tarar da wuri kamar naku ne ku kaɗai. Watan Agusta ya fi kowane wata sanyi a Accra, shi ya fi daɗin yawo. Lokacin hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura tana tayar wa masu asma ciwo. A nan iyakar sanina ta tsaya, domin ni malama ce ba likita ba: idan cikin yaranki akwai mai asma ko sikila, ki nemi shawarar likitansa kafin wasan ruwa ko doguwar zirga-zirga a rana, domin sanyin ruwa da ƙarancin ruwa a jiki suna iya tayar da ciwon sikila.

Ban kawo miki farashi ba saboda yana sauyawa, amma a wuraren gwamnati irin su Aburi da wurin tunawa da Nkrumah kuɗin ɗan ƙasa ya fi na baƙo sauƙi, na yaro kuma ya fi na babba, don haka ki riƙe katin shaidarki. Abin da ya fi cin kuɗi a irin wannan fita mota ce da abinci. Dabarar da na ga ta yi wa iyaye mata amfani ita ce gida uku ko huɗu su haɗu, su yi ɗan susu, wato adashi, na wata biyu, su ɗauki hayar trotro, wato ƙaramar bas ta haya, guda ɗaya ta kai su ta jira su. Kuɗin yana raguwa, idanun da ke kan yara suna ƙaruwa, kuma kowane yaro yana samun sa'ansa. Ni a wurina, babba ɗaya ba ya kula da ƙananan yara fiye da huɗu. Abinci kuma a dafa daga gida, waakye (shinkafa da wake) ko dafa-duka da ƙwai, da sobolo (zoɓo) da ruwa mai yawa, bayan an tabbatar wurin yana barin a shiga da abinci. Wannan ya rage kashe kuɗi, ya kuma raba ki da shakkar irin naman da ake gasawa a wasu wuraren. A sa buta da darduma cikin kaya, domin ba ko'ina ake samun wurin salla ba, kuma yin azahar tare a ƙarƙashin itace yana cikin abin da yara suke tunawa.

Sauran kwanakin wata

Ko da kin iya fita sau ɗaya kowane wata, saura kwana 29 da yaran suke bukatar motsi a cikinsu, kuma wannan sai an nemo shi a unguwa. Ɗakin karatu na al'umma na Nima da Maamobi yana kusa da ku, kuma yana da sashen yara. Ba wurin gudu ba ne, amma tafiya zuwa can da dawowa a ƙasa, da awa biyu ba tare da waya ba, riba ce. Babban ɗanki yana iya shiga ƙungiyar ƙwallon yara a filin Kawukudi ko wani fili makamancinsa, da sharaɗin ki san kocin da idonki, ki san lokacin tashi. 'Yarki kuwa ampe (wasan tsalle da tafi na 'yan mata) da tsallen igiya da carafke ba sa bukatar fili mai yawa, abin da suke bukata shi ne 'yan mata uku ko huɗu da babbar mace guda da za ta zauna kusa.

Filin da ya fi kowanne zama a banza a unguwanninmu shi ne harabar makaranta bayan an tashi, ta boko da ta Islamiyya. Mu a tamu, iyaye mata ne suka zo suka roƙi shugaban makaranta a riƙa buɗe ƙofa daga bayan la'asar zuwa kusan magariba, kwana uku a mako, suka raba kwanakin tsaro a tsakaninsu, biyu-biyu. Kuna iya yin haka, ku nemi limamin unguwa da wakilinku a majalisar Ayawaso ta Arewa su sa baki, domin shugaban makaranta ya fi sakin jiki idan ya san akwai manya a bayan maganar. Kayan wasan da muka fara da su tsofaffin tayoyi ne da muka karɓo wurin masu faci, da yashi tifa guda da aka zuba a kusurwa aka kewaye da bulo, da igiyoyi, da alli na zana layi a ƙasa. Idan za ku yi amfani da taya, a wanke ta, a duba babu wayar da ta fito, a huda ta ta ƙasa wuri uku ko huɗu don kada ruwan sama ya kwanta a ciki sauro ya yi ƙwai, yashin kuma a riƙa rufe shi da buhu ko tamfol da dare saboda kyanwoyi.